Yadda ake fahimtar kalmar Turanci "derail" da yadda ake amfani da ita daidai

Wata ɗaliba a ajin Turancin da nake koyarwa da yamma ta kawo mini insha'in da ta rubuta kan tafiyarsu daga Kano zuwa Zariya. Rubutu ne mai tsabta, labarin kuma yana tafiya. A tsakiyar shafi na biyu sai na ci karo da wannan jimla: "Our bus derailed near Kwanar Dangora." Na ja layi a ƙarƙashin kalmar, na kira ta.

"Me ya sami motar taku?"

"Malam, taya ce ta fashe, direba ya kasa riƙe sitiyari, muka sauka daga kan kwalta muka faɗa gona."

"Alhamdu lillahi da Allah ya kiyaye ku. To, a ina kika samo wannan kalma?"

"A ƙamus, Malam. Na duba na ga an ce sauka daga kan hanya."

Ba ta yi ƙarya ba, amma rabin maganar ta ɗauko. Hanyar da wannan kalma take nufi ba kowace hanya ba ce, layin dogo ne. Wanda ya riƙe hoton dogo a zuciyarsa ba zai ƙara yin kuskure da ita ba, ko a ma'anarta ta zahiri ko a ta aro. Wanda kuwa ya haddace fassararta kurum, kullum zai riƙa jefa ta inda ba gurbinta ba. Ga yadda nake bi da ɗalibaina, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: ka san abin da ke riƙe jirgi a kan dogo

Ina yaro, kawuna yana aikin reluwe a Zariya. Wata rana ya kama hannuna muka je inda aka ajiye wasu taragu, ya sa na tsuguna kusa da wata taya. Ƙarfe ne zalla, ga maiƙo ya yi baƙi, ga zafin rana yana tashi daga tsakuwa. Ya ɗora yatsana a gefen tayar na ciki, inda wani leɓe ya zarto ƙasa da saman dogon.

"Ka ji wannan, yaro? Direban jirgi ba shi da sitiyari. Dogo ne ke juya shi. Ran da wannan leɓen ya haye kan ƙarfe ya faɗa wancan gefen, jirgi ya tashi daga aiki."

Leɓen nan bai fi inci ɗaya da 'yan kai ba, amma shi ne shinge na ƙarshe tsakanin tarago da ƙasa. Ƙarafan biyu kuma tilas tazararsu ta zauna daidai tun daga farkon layi har ƙarshe. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 tazararsa ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 tasa milimita 1,435 ce. Idan ƙarfe ya karye, ko zafi ya lanƙwasa shi, ko ambaliya ta kwashe tsakuwar da ke ƙarƙashi, ko ɓarayi suka kwance kusoshin da ke ɗaure shi, ko direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce ƙa'ida, taya za ta bar mazauninta. Wannan barin mazauni shi ne "derail".

Ka lura da abubuwa uku a wannan hoto, domin su ne za su yi maka jagora har ƙarshen darasin. Akwai hanya da aka riga aka shimfiɗa. Akwai abin da ke tafiya a kanta zuwa wata tasha. Sannan idan ya sauka, ba ya iya komawa da kansa. Motar ɗalibata ana iya tura ta, ko direba ya yi ribas ya hau kwalta. Jirgin da ya sauka kuwa sai an kawo injin ɗaga kaya da ma'aikata, a gyara layi, kafin wani jirgin ma ya wuce.

Mataki na biyu: ka fasa kalmar gida biyu

Kalmar tana da ɗafa-goshi "de" da tushe "rail". Shi "rail" ƙarfen dogo ne, kuma shi ne a cikin kalmar da muka ara muka mai da ita reluwe. Shi kuma "de" a irin wannan gini yana nufin cirewa ko saukewa, kamar yadda yake a "dethrone", wato tuɓe sarki daga karaga. Idan ka haɗa su ka sami saukewa daga dogo.

Turanci bai ƙirƙiro ta da kansa ba. Ko da yake a Ingila aka fara jigilar mutane da jirgin ƙasa, da layin Stockton zuwa Darlington a 1825 da na Liverpool zuwa Manchester a 1830, kalmar daga Faransanci aka aro ta a tsakiyar ƙarni na 19, daga "dérailler". 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun riga sun san ta, sai dai akwai wani tarko da ke jiransu, zan zo kansa a mataki na huɗu.

Mataki na uku: furuci da rubutu

Gaɓa biyu ce, kuma nauyin murya a ta biyu yake. Ka faɗi "di" a taƙaice, sannan ka danna "reil". Wasalin tsakiya irin na "rain" da "fail" ne, kusa da yadda Bakano ke furta "sai" idan yana sauri, ba irin na "rai" da aka buɗe baki sosai ba. Ka tsaya a kan baƙin ƙarshe, kada ka ƙara masa wasali. Harshenmu yana son rufe kalma da wasali, shi ya sa muka ce reluwe, amma nan sai ka danne wannan ɗabi'a.

Sigoginta ba wuya: "derail", "derails", "derailed", "derailing". Sunan da ake samu daga gare ta shi ne "derailment". Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne ninka harafin ƙarshe, su rubuta da "ll" saboda sun saba da "travelled" da "cancelled" a Turancin Ingila. Waɗancan wasali ɗaya ne kafin baƙin ƙarshe. Wannan tana da biyu, don haka sahun "failed" da "sailed" take bi, a Ingila da Amurka duka.

Mataki na huɗu: ka koyi hanyoyi uku na gina jimla da ita

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan Hausa da Turanci suka raba hanya.

A Hausa muna cewa sanda ta karye, amma Audu ya karya sanda. Muna cewa jirgi ya kauce, amma wani abu ya kautar da jirgi. Aikatau ɗinmu yana sauya siffa gwargwadon ko abin da kansa ya auku ko wani ne ya jawo shi. Turanci a irin waɗannan kalmomi ba ya sauya komai. Kalma ɗaya ce take zama ƙi-karɓau a wannan jimla, wato ba a kawo abin da aikin ya faɗa wa, ta zama so-karɓau a waccan, inda ake kawo shi.

Gini na ɗaya, jirgin ne aikau, babu karɓau: "The train derailed near the station." Ma'ana jirgin ya sauka daga kan dogo kusa da tasha. Ba ka faɗi dalili ba, ba ka ɗora wa kowa laifi ba. Bayan aikatau ɗin yawanci wuri ne ko lokaci ke biyo baya, da "at" ko "near" ko "outside" ko "on Monday".

Gini na biyu, dalilin ne aikau, jirgin ya koma karɓau: "A broken rail derailed the train." Wato karyayyen ƙarfe ya sauke jirgin daga layi.

Gini na uku, ka fara da jirgin amma ka nuna cewa wani abu ne ya yi masa: "The train was derailed by a landslide." Idan ka kawo dalili a wannan gini, da "by" za ka shigo da shi.

Zaɓi tsakanin ukun ba ado ba ne, magana ce ta gaskiyar abin da ya faru. Ka ɗauki hatsarin Eseka a Kamaru, ran 21 ga Oktoba 2016. Jirgin fasinja ne daga Yawunde zuwa Duwala, an ƙara masa taragu saboda hanyar mota tsakanin biranen biyu ta yanke bayan ruwan sama, ya sauka daga layi, hukuma ta ƙidaya mutum 79 da suka rasu. A ranar da abin ya auku, kafin a yi bincike, gini na ɗaya ne ya dace da mai ba da labari, domin abin da ya tabbata kawai shi ne jirgin ya sauka. Ka kwatanta da harin 28 ga Maris 2022 a layin Abuja zuwa Kaduna, inda mahara suka dasa abin fashewa a kan dogo, suka kashe mutane suka kuma yi awon gaba da fasinjoji. Duk wanda zai yi amfani da kalmarmu a kan irin wannan lamari, gini na biyu ko na uku ya kamata ya ɗauka. Idan ya ɗauki na ɗaya ya tsaya nan, ya mai da ta'addanci tamkar tsautsayi, kuma wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga waɗanda abin ya shafa.

Yanzu ga tarkon masu Faransanci. A can, aikatau ɗin ba ya ɗaukar karɓau kai tsaye, sai an ce "faire dérailler". Saboda haka ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram yakan rubuta "They made the train derail." Jimlar ba haramtacciya ba ce, za a gane ta, amma Bature zai fi cewa "They derailed the train." Ka ɗauki gajeriyar.

Abu na ƙarshe a nan: kada ka ƙara mata "from the rails" ko "off the track". Dogon yana cikin kalmar tun asali. Kamar ka ce wane ya yi sallama da baki ne.

Mataki na biyar: ka shiga ma'anar aro da tambayoyi uku

A jaridu da labaran rediyo na Turanci, za ka fi cin karo da wannan kalma a inda babu jirgi ko ɗaya. Ana aro hoton ne a ɗora a kan al'amuran mutane: tattaunawar sulhu, shirin gwamnati, yaƙin neman zaɓe, shari'a, karatun yaro, murmurewar marar lafiya, farfaɗowar tattalin arziki. Kafin ka sa ta a jimla, ka yi wa kanka tambayoyin da suka fito daga hoton dogo.

Shin abin yana da tsararriyar hanya da inda ya dosa? Tattaunawar sulhu tana da ita, ana son a kai ga yarjejeniya. Karatun digiri yana da ita. Amma gida, ko kasuwa, ko rijiya, ba su dosa ko'ina ba. Ba a cewa "The fire derailed the market." Gobara ta cinye kasuwa ne. Abin da za ka iya cewa shi ne "The fire derailed plans to expand the market", domin shirin faɗaɗa kasuwar shi ne ke tafiya a kan layi.

Shin ya riga ya kama hanya? Abin da ba a fara ba, ba a sauke shi daga dogo. Idan an hana shi farawa ne, "prevent" ko "block" ake so.

Shin tsaikon mai tsanani ne, irin wanda sai an sha wahala kafin a dawo? Idan taro ya makara da rabin awa saboda ruwan sama, ba a kai nan ba. Idan ɓangare ɗaya ya tashi ya fice daga zauren ya ce ba zai dawo ba, an kai.

In amsoshin uku duka e ne, kalmar ta zauna. Ga jimlolin da na tsara don gwaji:

"A knee injury derailed his football career." Raunin gwiwa ya datse masa harkar ƙwallo tana tsaka da tafiya.

"The strike derailed her plan to graduate this year." Yajin aiki ya wargaza mata shirin kammala karatu a bana.

"The dispute threatens to derail the peace talks." Taƙaddamar tana neman wargaza tattaunawar sulhu.

Ka riƙe wannan ta ƙarshe da kyau, domin 'yan jarida suna yawan haɗa kalmar da abin da ake tsoro bai riga ya faru ba: "could derail", "threatens to derail", "an attempt to derail". Idan kuwa da "risk" ka fara, sai ka ce "risks derailing", ba "risks to derail" ba. Wannan ƙaramin wuri yana kayar da manyan marubuta.

Ka kuma sani cewa a ma'anar aro kalmar kusan kullum tana ɗauke da takaici. Mai faɗinta yana ganin abin da aka sauke ɗin yana da inda ya kamata ya kai. Shi ya sa ɗan siyasa zai ce abokan hamayya suna son su yi wa shirinsa haka, su kuwa ba za su kira aikin nasu da wannan suna ba, za su ce gyara suke nema. Idan kana fassara ko kana rubuta rahoto, ka lura da bakin wanda kalmar ta fito.

Akwai wani reshe na ma'anar aro da ya shafi zance. Na taɓa zama a taron iyaye da malamai da aka kira don rufin ajujuwa biyu da ke yoyo, ga damina ta kawo kai. An kawo lissafin kwano da ƙusa, an fara maganar nawa kowa zai bayar. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Shugaba, a gafarce ni. Kafin a je ga kwano, ina so a gaya mana dalilin da ya sa aka canja wa yara kalar yunifom bara ba a shawarce mu ba."

Shugaban ya ce, "Baba, maganarka tana kan hanya, amma mu gama wannan tukuna." Ina, wuri ya riga ya ɗauka. Wannan ya ce shi ma abin na cinsa, wancan ya kawo batun kuɗin jarrabawa. Aka kira la'asar ba a tsai da ko sisi ba, yara suka ci gaba da kwashe littattafai duk ran da hadari ya haɗo. Da Turanci abin da ya faru jimla ɗaya ce: "His question derailed the meeting." Dattijon ba mugun nufi gare shi ba, kuma kalmar ba ta ce yana da shi ba. Sakamako take bayyanawa, ba niyya ba.

Mataki na shida: ka raba ta da maƙwabtanta

Kalmomi da yawa suna farawa da sauti mai kama da nata, kuma ma'anarsu tana kusa, shi ya sa ake cakuɗa su.

Wadda aka fi rikitawa da ita ita ce "delay", jinkiri. Jirgin da ya yi jinkiri yana kan layinsa, zai iso ko da dare ya yi. Wanda ya sauka daga layi ba zai iso ba sai an ɗaga shi. Na taɓa jin an fassara labarin wata tattaunawa a rediyo aka ce rikicin "zai jinkirta" zaman, alhali abin da Turancin ya ce shi ne zai iya wargaza shi. Mai sauraro ya tashi da zaton mako ɗaya ko biyu za a ƙara, ba a gaya masa cewa zaman gaba ɗaya yana cikin haɗari ba.

"Disrupt" kawo tsaiko ne da hargitsi, amma abu yakan ci gaba bayan ƙura ta lafa. "Distract" ɗauke hankali ne, kuma mutum ake yi wa. "Deter" sa mutum ya ja da baya ne tun kafin ya aikata. "Sidetrack" ita ma daga reluwe ta fito, daga ɗan layin gefe da ake kautar da jirgi a ajiye shi. Tayoyinsa suna kan ƙarfe, an dai ɗauke shi daga babban layi, don haka ta fi tamu sauƙi: an shagaltar da kai da wani abu, za ka iya dawowa. "Sabotage" kuwa zagon ƙasa ne da gangan, dole akwai mai niyya.

A ma'anar zahiri ma ka kiyaye. Karo shi ne "collide". Kifewa ko tuntsurewa shi ne "overturn". Jirgi yana iya sauka daga dogo ya tsaya cak a kan tsakuwa, ko tarago ɗaya bai kwanta ba, kuma da yawa daga irin wannan a cikin tasha suke faruwa ana tafiya a hankali. Saboda haka jin kalmar kaɗai ba ya nufin an yi asarar rai.

Mataki na bakwai: idan mutum ake nufi

A Turancin da muke yi a Nijeriya za ka ji ana cewa "The boy has derailed", ko a rubuta cewa wani gwamna "has derailed from the party's manifesto". Mu nan kowa ya gane: yaro ya lalace, gwamna ya kauce wa alƙawuran jam'iyya. Ba na ce wa ɗalibaina wannan ba Turanci ba ne, domin harshe na masu magana da shi ne, kuma a tsakaninmu yana isar da saƙo. Abin da nake gaya musu shi ne su san masu karatunsu. Idan jarrabawa kake rubutawa, ko takardar neman gurbin karatu a waje, ko rahoton da zai je hannun wanda ba ɗan ƙasa ba, ka bi yadda aka fi sabawa a can. Ga yaron da ya bar tarbiyya, "He has gone off the rails." Ga wanda ya kauce wa wata manufa, "He has strayed from" ko "deviated from". Ita kalmarmu ka bar ta ga rayuwarsa ko aikinsa ko karatunsa: "Drugs derailed his education."

Abin sha'awa shi ne Hausa ma tana da irin wannan hoton. Idan mutum yana magana ya shiga shirme mukan ce ya saki layi. Bafaranshe ma idan ya ce maka "tu dérailles", abin da yake nufi ke nan. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna amfani da "derailment" ga wata alamar ciwo, inda marar lafiya ke zamewa daga wannan batu zuwa wani da ba su da haɗi. Wannan kalmar asibiti ce, kada ka jefi mai lafiya da ita a wannan ma'ana.

Kishiyarta a zancen yau da kullum ita ce "back on track", komawa kan turba. Za ka ce "The talks are back on track" idan an sasanta an koma teburi.

Mataki na takwas: yadda za ka mai da ita Hausa

Kada ka nemi kalma ɗaya da za ta yi maka aiki ko'ina, babu ita. Ka duba me aka sauke.

Idan jirgi ne: ya kauce daga kan layi, ya goce daga dogo, ya sauka daga kan titinsa. Kada ka ce ya kife sai labarin ya faɗi haka. Kada kuma ka tsaya a "ya yi hatsari", domin ka zubar da bayanin da mai sauraro yake bukata.

Idan shiri ne ko sulhu: wargaza, rusa, dagula, kawo cikas. Idan da gangan aka yi, kana da yi wa ƙafar ungulu da yi wa zagon ƙasa, amma ka tabbata Turancin ya nuna niyya kafin ka ɗauko su. Ambaliya ba ta yi wa kowa ƙafar ungulu. Idan zance ne: karkatar da magana, kawar da zance, sako wani batu daban. Idan rayuwar mutum ce: ya datse masa hanya, ya sukurkuta masa al'amura.

Sai batun kanun labarai. Turanci yana rubuta kanu da sigar lokaci na yanzu ko da abin ya riga ya wuce. Idan ka ga "Train derails near Kaduna", ba cewa aka yi jirgi yana saukowa ko yakan sauka ba. Ya riga ya sauka. Fassararka ita ce "Jirgin ƙasa ya kauce daga layi kusa da Kaduna".

Mataki na tara: ka gwada hannunka

Ka ɗauki takarda ka rubuta jimla uku a kan jirgi ɗaya, kowace da gini daban daga na mataki na huɗu. Sannan ka tuna wani shiri naka da ya taɓa wargajewa, na kasuwanci ko karatu ko gini, ka bi shi da tambayoyin nan uku. In ya tsallake, ka rubuta shi da Turanci, dalilin ya zama aikau. Bayan haka, na tsawon mako guda, duk inda ka ci karo da kalmar a jarida ka kwafe jimlar, ka rubuta a gefe me aka sauke da kuma me ya sauke shi. Kafin mako ya ƙare za ka ga da idonka irin sunayen da take yawan tafiya da su.

Ga huɗu ka tantance yanzu. "The canoe derailed on the river." "Illness derailed his pilgrimage plans." "The rain derailed the match by ten minutes." "Two coaches derailed but remained upright."

Ta farko ba ta yi ba, kwalekwale ba shi da dogo, "capsized" ake so idan kifewa ya yi. Ta biyu daidai ce, rashin lafiya ta wargaza masa shirin aikin hajji. Ta uku ba ta yi ba, minti 10 jinkiri ne, "delayed" ce gurbinta. Ta huɗu daidai ce, taragu biyu sun sauka daga layi amma ba su kwanta ba.

Ɗalibata ta dawo da insha'inta mako na gaba. Ta gyara jimlar ta koma "Our bus veered off the road near Kwanar Dangora." A ƙasan shafin kuma ta ƙara wata da ban tambaye ta ba, ta nuna mini da bakin biro.

"Malam, duba wannan ko ta zauna. Bikin 'yar yayata za mu je, ba mu samu zuwa ba."

Na karanta: "The accident derailed our plan to attend the wedding."

Na ce, "Ta zauna, 'yata. Kawo na sa miki hannu."